Sankarar nono: awon tsoka lokacin fiɗa

Sankarar nono, wadda ake ce ma kansa, ciwo ne mai kashe mata da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekara ta 2022 mata wajen miliyan 2 da dubu 300 suka kamu da ita, wajen dubu 670 kuma suka mutu. Amma idan an gane ta tun da wuri, ana warkewa.

Yadda ciwon yake tafiya

Ciwon yana farawa da ɗan ƙululu cikin nono. Sau da yawa ba ya zafi, shi ya sa mace take ƙyale shi. In ya daɗe, sai ya bi hanyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar hammata. Kaluluwa ƙananan ƙwayoyi ne masu tace ruwan jiki, kamar rariya. Akwai wadda ruwan nono yake fara isa gare ta. Likitoci suna kiran ta mai gadi, don ita ce a bakin ƙofa.

A da, likita yakan cire kaluluwar hammata da yawa, ko ciwon ya kai can ko bai kai ba. Bayan haka hannun waɗansu mata yakan kumbura, ya yi nauyi. Daka da ɗaukar ruwa su gagare su.

Yadda ake awon

Kafin a fara fiɗa, likita yana yi ma mace allurar wani ruwa mai launin shuɗi a nono. Ruwan ya bi hanya har ya rina kaluluwa mai gadi. Likita ya gan ta, ya cire ta, ya aika ma wani likita mai duba tsoka. Shi kuma ya sa ta cikin inji mai sanyi ƙwarai har ta daskare. Ya yanka ta siriri, ya sa mata launi, ya duba da madubin likita. Cikin minti 20 zuwa 30 amsa ta zo, mace tana barci tukuna.

Idan mai gadi ba ta da ciwo, sai a bar sauran kaluluwa. Hannu ya tsira. Idan tana da ciwo, likita ya duba ko ya kamata a cire waɗansu nan take. Ta haka ba sai an sake kwantar da mace don fiɗa ta biyu ba. Ana kuma iya duba gefen tsokar da aka cire daga nono, a tabbata ba a bar ciwo a baya ba.

Dabarar daskarar da tsoka ta daɗe: likita Louis Wilson ya yi aiki da ita a Amurka a 1905. Neman mai gadi a nono da ruwan shuɗi kuwa, likita Armando Giuliano ya bayyana shi a 1994.

Awon gaggawa ba shi ne ƙarshe ba. Wani lokaci ciwon ƙarami ne ƙwarai, ba a ganin shi ranar. Don haka ake sake duba tsokar a tsanake, amsa ta fito bayan ƴan kwanaki. Da ita ake sanin ko mace tana bukatar ƙwayoyi, ƙarin ruwan magani ko gashi. A Nijar, an buɗe wurin gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai a 2021.

Abin da ya kamata a riƙe

Ba kowane asibiti ke da wannan awo ba. Kuma yana da amfani ne idan ciwon bai yi nisa ba. Saboda haka kowace mace ta riƙa shafa nononta da hammatarta sau ɗaya a wata, bayan ta gama al'ada. In ta ji ƙululu, ko ta ga jini daga kan nono, ko fata ta lotsa, ta tafi likita ba da jinkiri ba. Kada a tsaga wurin, kada a ƙona shi. Ba kowane ƙululu ne sankara ba, awo ne kaɗai ke rarrabewa. Maigida ya ba da izini da kuɗin mota, ya raka ta in da hali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.