Kimiyya a Cikin Tukunya: Taliya da Miyar Tumatir

Unguwar Dakata tana maƙwabtaka da Bompai, ɗaya daga cikin manyan yankunan masana'antu na Kano, tare da Sharaɗa da Challawa. A irin wannan unguwa ta ma'aikata, wanda ya dawo gida a gajiye bayan magariba ba shi da sukunin tuƙa tuwo da kaɗa miya. Sau da yawa taliya ce take fid da shi kunyar iyali, domin cikin rabin sa'a an sauke. Kayan haɗinta ma ba su da nisa: a Bompai ne aka kafa kamfanin niƙa na Northern Nigeria Flour Mills a 1971, tumatir kuwa daga gonakin ranin Kadawa da Kura yake sauka a Kasuwar Yankaba. To amma me ya sa taliyar wani gida take fitowa a warware, miya ta kama ta, ta wani gidan kuwa ta caɓe kamar kunu, alhali kaya ɗaya aka saya? Amsar tana cikin darussan kimiyyar da ɗalibai suke yi a aji.

A ƙasar Italiya akwai wani gari mai suna Amatrice wanda ya shahara da dafa taliya da miyar tumatir da naman alade mai gishiri. Wannan nama haramun ne ga Musulmi, ba ya shiga tukunyarmu. Sai dai ɗan kimiyya zai tambaya: wane aiki yake yi a cikin girkin? Gishiri yake bayarwa, da kitse, da ƙamshin suya. Naman sa mai ɗan kitse zai yi wannan aiki, haka ma soyayyen naman layya da aka adana a cikin mansa. Kilishi ma yana yi, amma a ƙarshe ake sa shi, domin tunkuzar da ke jikinsa tana saurin ƙonewa.

Da naman ake farawa. A yanka shi ƙanana, a tsane ruwan jikinsa, a zuba a man gyaɗa mai zafi. Idan zafi ya haura digiri 140 a ma'aunin Salshiyos, furotin ɗin nama da ɗan sukarin da ke cikinsa sukan haɗu su haifar da ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi, nama ya yi ja. Wani masani Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma ita ce sirrin ƙamshin tsire da gurasa. Ruwa kuwa ba ya wuce digiri 100 a buɗaɗɗiyar tukunya. Saboda haka idan aka zuba jiƙaƙƙen nama, ko aka cunkusa shi da yawa, dahuwa zai yi a cikin ruwan kansa maimakon suya. Jan abin nan da yake mannewa a gindin tukunya ba ƙauri ba ne, ɗanɗano ne. Albasa da tumatir za su narkar da shi ya koma cikin miya.

Kusan kashi 94 cikin ɗari na tumatir ruwa ne, shi ya sa miyar take buƙatar haƙuri. Tsaminsa kuwa daga wasu sinadaran asid yake, ciki har da irin wanda ke cikin lemon tsami. Mata da yawa sukan jefa kanwa don kashe shi, kuma hakan yana aiki, tun da kanwa kishiyar asid ce. Amma tana lalata bitamin C da bitamin B1, idan ta yi yawa kuma miya ta yi duhu, ta yi bauri. A ganina gara a soya albasa a hankali har ta yi laushi ta fid da zaƙinta, sannan a zuba niƙaƙƙen tumatir da attaruhu, a bar ruwan ya ƙafe. Alamar an kai gaci ita ce mai ya taso sama ya yi jawur. Wannan ja na wani sinadari ne da ake kira laikofin, wanda ba ya narkewa a ruwa sai a mai, kuma jiki ya fi tsotsarsa daga tumatirin da aka dafa da mai fiye da ɗanye. Idan damina ta zo tumatir ya yi tsada, ko aka shiga irin halin 2016 lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin Kano, kauɗar da aka jiƙa aka niƙa za ta wadatar.

Akwai kuma dalilin da ya sa nama da tumatir suke shiri. Tumatir yana ɗauke da sinadarin gulutamet, wanda masanin Japan Kikunae Ikeda ya gano ɗanɗanonsa a 1908, kuma daddawarmu cike take da shi. Nama yana da wani sinadarin daban, inosinet, mai ƙara wa na farko ƙarfi a kan harshe ninki-ba-ninki. Ɗan nama kaɗan ya isa, ba sai an tara dunƙulen ɗanɗano ba.

Yanzu sai taliyar kanta. Kowane silinta ƙwayoyin sitaci ne birjik, a ɗaure cikin wata raga ta furotin mai suna gulutin. Da ta shiga ruwan zafi sai abu biyu su fara tsere. Ƙwayoyin sitaci suna shan ruwa suna kumbura daga wajen digiri 60 zuwa 70, ragar kuma tana ƙara tauri tana riƙe su. Idan aka sauke a kan kari, ragar ce ta yi nasara. Idan aka bar ta ta zarce, ƙwayoyin su fashe, sitaci ya tsiyayo, taliya ta caɓe. Nan ne irin alkama yake da tasiri. Tun 1967 dokar Italiya ta wajabta yin busasshiyar taliya da wata alkama mai tauri da ake kira durum. Taliyar Hausa da ake murzawa a inji a shanya a kan igiya, da fulawar burodi ake yin ta; ta fi laushi, ta fi saurin nuna, don haka mai dafa ta ba ya barin gindin murhu.

A juya taliya a mintuna biyun farko, domin a lokacin ne sitacin bayanta yake danƙo. Zuba mai a ruwan ɓarna ce kawai: mai a sama yake iyo, taliya tana ƙasa. Gishiri kuwa don ɗanɗano ne, ba don hanzarta tafasa ba. Giram 10 a lita guda ba ya ɗaga zafin tafasa ko da kashi ɗaya cikin biyar na digiri. A Kano ma, saboda tudun da take kai, kusan mita 480 daga doron teku, ruwa yana tafasa ne a wajen digiri 98. Ɗauraye dafaffiyar taliya da ruwan sanyi yana wanke sitacin da miya za ta kama. Abin da ya fi shi ne a ɗebi ludayi guda na ruwan dahuwar, a tace taliya tun da sauran ɗan ƙarfinta, a juye ta cikin miya tare da ruwan nan, ta ƙarasa a ciki na minti ɗaya ko biyu. Sitacin ruwan zai haɗa mai da ruwa su zama miya mai kauri.

Ga mai tattalin gas ko gawayi akwai albishir. Tun da kumburar sitaci da taurin gulutin ba sa buƙatar zafin da ya wuce digiri 80, ba dole ba ne ruwa ya yi ta zaɓalɓala. A 2022 Giorgio Parisi, ɗan Italiya da ya sami kyautar Nobel ta fizis a 2021, ya yaɗa shawarar cewa a zuba taliya a tafasasshen ruwa, a ba ta minti biyu, a kashe wuta, a rufe tukunya ruf, a ƙara minti ɗaya a kan lokacin da aka saba. Masu girki da dama a ƙasarsa sun yi masa ca, amma lissafinsa daidai ne, muddin murfin ya zauna sosai.

Malamai za su iya gwada wannan darasi a aji. A dafa taliya kashi biyu, a sauke ɗaya a minti takwas, ɗaya a minti ashirin. A ɗebi cokali guda na ruwan kowanne, a tsarma shi da ruwa mai yawa daidai wa daida, a ɗiga aidin a ciki. Aidin yana mai da sitaci shuɗi mai duhu, sai ɗalibai su kwatanta launin kofunan biyu, su rubuta wanne ya fi duhu da kuma dalili.