Rufi Ɗaya, Masu Gida Uku: Yadda Birnin Toronto Ya Haɗa Makaranta da Cibiyar Al'umma

A kudancin birnin Toronto na ƙasar Kanada, dab da gaɓar tafkin Ontario, akwai wata unguwa da ake kira CityPlace. A da filin jiragen ƙasa ne, ba kowa sai layin dogo da taragai. Yau kuwa dogayen benaye ne ke gogayya da juna, dubban mutane na kwana a cikinsu. Da aka fara gina su an ɗauka samari da 'yan mata ma'aikata ne za su cika wurin, su ɗan zauna su ƙara gaba. Sai ga shi da yawa sun yi aure, sun haihu, sun ƙi tashi. Shekara da shekaru yaran unguwar na tafiya wasu unguwanni neman karatu, domin babu makaranta a kusa.

Matsalar ita ce fili. A tsakiyar birni irin wannan, ƙasa ta fi zinariya tsada. Ga kuma hukumomi uku, kowacce da buƙatarta. A Kanada harkar ilimi tana hannun gwamnatin lardi, makarantu kuma a yawancin larduna suna ƙarƙashin hukumomi masu zaman kansu waɗanda jama'a ke zaɓar wakilansu, ba ƙarƙashin magajin gari ba. A lardin Ontario gwamnati tana ɗaukar nauyin makarantun kowa da kowa, tana kuma ɗaukar na Katolika, kowane ɓangare da hukumarsa. Ita kuwa majalisar birni, wuraren wasa da shaƙatawa da cibiyoyin unguwa ne aikinta. Da kowa ya ce sai nasa ginin, da fili uku za a nema, alhali ko ɗaya da ƙyar aka samu.

Sai suka yi shawarar haɗa kai. A gefen wurin shaƙatawa na Canoe Landing aka tayar da gini guda mai ɗauke da makarantun firamare biyu, da cibiyar wasanni da tarukan jama'a, da gidan renon yara. Makarantun sun buɗe a farkon shekarar 2020, kowacce za ta iya ɗaukar ɗalibai kusan 550. Ta Katolika ana kiranta Bishop Macdonell. Ɗayar kuma an sa mata sunan Jean Lumb, wata mata 'yar asalin Sin da ta tsaya tsayin daka wajen hana a rushe unguwar Sinawa ta birnin. Saboda ƙarancin wuri, har rufin ginin ba a bar shi a banza ba: an yi masa filin ƙwallon kwando da hanyar tsere. Wani kaso na kuɗin aikin ya fito ne daga harajin da aka daɗe ana karɓa a hannun kamfanonin da suka gina benayen unguwar, kuma hakan adalci ne, tunda su suka kawo cunkoson da ya haifar da buƙatar.

Hikimar abin a fili take. Makaranta na tashi da la'asar, ta kwana a kulle, ta yi Asabar da Lahadi a kulle, ta yi watanni biyu na hutun bazara a kulle. Lokutan nan kuwa su ne daidai lokutan da magidanci ya dawo daga aiki yana neman inda zai motsa jiki, matashi ke neman inda zai buga ƙwallo, baƙon da ya shigo ƙasar ke neman ajin koyon harshe. Zauren wasa ɗaya sai ya yi wa yara aiki da rana, ya yi wa iyayensu da dare.

Ba Toronto ce ta fara ba. Tun a shekarar 1935, a garin Flint na jihar Michigan a Amurka, wani malamin motsa jiki mai suna Frank Manley ya shawo kan attajiri Charles Stewart Mott ya ba da kuɗi a riƙa buɗe makarantu bayan an tashi, don yara su bar gararamba a titi. A Kanada kuma, cibiyar Britannia da ke gabashin Vancouver tana aiki tun 1976 a kan fili mai eka 18, inda sakandare da firamare da ɗakin karatu da wurin ninƙaya da zauren dattawa ke zaune wuri guda. Abin da ya bambanta ta shi ne mutanen unguwa ne suka nemi a yi ta, kuma har yau suna zaɓar wakilansu a kwamitin da ke tafiyar da ita.

Amma Bahaushe ya ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Aza tubali shi ne mafi sauƙi a wannan lamari. Wahalar tana farawa ranar da aka yanke kintinkiri kowa ya watse. Idan rufi ya fara yoyo, wa zai gyara? Kuɗin wuta da na ɗumama gini a ƙasar da ƙanƙara ke zuba wata da watanni, yaya za a raba? Idan makaranta tana da biki da yamma, 'yan ƙwallon unguwa kuma sun riga sun kama zauren, wa zai haƙura? Wanda ya fi duka nauyi shi ne tsaron yara. Ƙofar cibiya a buɗe take ga kowa, ta makaranta kuwa dole a san mai shiga da mai fita. Shi ya sa ake ba kowane ɓangare ƙofarsa, a tsara wuraren tarayya ta yadda za a iya rufe su ta gefe ɗaya a buɗe ta ɗayan, a kuma rubuta yarjejeniya mai fayyace sa'o'i da kuɗi da alhakin kowa tun kafin a haƙa fandisho.

Ko da an rubuta, aiki bai ƙare ba. Britannia ta tsufa, kuma a 2018 majalisar Vancouver ta amince da babban tsarin sabunta ta. Sai dai inda masu gida suka yi yawa, kowa da asusunsa da lokacin kasafinsa, ba a motsa bulo ɗaya sai dukansu sun yarda. Wannan jinkiri shi ne farashin tarayya.

A ganina farashi ne da ya cancanci a biya. Mai biyan haraji mutum ɗaya ne, ko kuɗinsa ya bi ta hukumar makarantu ko ta majalisar birni. Ba daidai ba ne ya gina zaure da guminsa, sannan ya tsaya a bayan shinge yana leƙen ƙofar da aka garƙame tun ƙarfe huɗu. Uwar da ta ajiye jaririnta a gidan reno, ta raka babban ɗanta ajinsu, da magariba ta dawo ginin nan don koyon sana'a, ita ce mai wurin ta gaskiya. Hukumomin nan uku amanar makulli kawai aka ba su.