Tirela a Malanville, saiti a Kwatano: yadda ake sarrafa na'urar bin sawun mota daga nesa

Bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ECOWAS ta ba da umarnin rufe iyakoki ranar 30 ga watan, zirga-zirga ta tsaya cak a gadar da ta haɗa Malanville ta Benin da Gaya ta Nijar. Ɗaruruwan tireloli da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi dogon layi a bakin titi, direbobi da yaransu suna girki suna kwana a ƙarƙashin motoci. Kwanaki suka zama makonni, makonni suka zama watanni. Ko da aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma mahukuntan Yamai suka bar nasu a rufe. Ƙananan fatake suka koma ga kwale-kwale, manyan kaya kuma suka karkata ta Lome da Burkina Faso.

Mai motar da ke zaune a Kwatano, nisan fiye da kilomita 700, ko a Maraɗi ko Doso, ba shi da ido a wajen sai ɗan akwatin nan da aka ɓoye masa a cikin mota, wato na'urar bin sawu. Sai dai an saita ta ne domin motar da ke tafiya, ba wadda za ta shafe watanni a fake ba. In ba a sauya mata saiti ba, za ta yi ta aika rahoto dare da rana tana cin data, tana kuma tsotsar batirin motar da ba a tayarwa. Tura mai gyara ya bi motoci hamsin ɗaya bayan ɗaya kuwa asara ce a kan asara. A nan ne amfanin saita na'ura daga nesa yake bayyana.

Abin da ke cikin akwatin

Na'urar ba ta fi tafin hannu girma ba. Mai wayarin yakan cusa ta bayan dashbod, ya haɗa wayoyi uku: ɗaya zuwa wuta, ɗaya zuwa jikin mota, ɗaya zuwa makunni don a san lokacin da aka tayar da inji. Wasu kan ƙara ma'aunin mai a cikin tanki, da wata 'yar na'ura mai yanke wutar inji. A ciki akwai sashen da ke sauraron taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, waɗanda ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa. Da ya ji saƙon aƙalla huɗu daga cikinsu, sai ya lissafa inda motar take. Na'urori da yawa na yanzu suna sauraron GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin.

Mutane da dama na zaton tauraron ne ke kallon motar yana kai rahoto. Ba haka ba ne. Na'urar saurare kawai take yi, ba ta aika wa tauraro komai. Rahoton yana bi ne ta layin waya na yau da kullum, ta katin sim da ke cikinta, zuwa babbar kwamfutar kamfanin da ke kula da aikin. Daga can yake fitowa a taswirar wayar maigida. Wannan hanyar da rahoto ke fita, ita ce umarni ke bi ya shigo.

Me ake sauyawa?

Saiti jerin umarni ne da na'urar ke aiki da su. Akwai adireshin kwamfutar da za ta riƙa kai wa rahoto. Akwai sunan ƙofar intanet ta kamfanin waya, wadda ake kira APN. Akwai tazarar rahoto: duk daƙiƙa 30 in mota na gudu, ko sau ɗaya a awa in tana tsaye. Akwai lokacin da za ta yi barci don ta ragwanta wa batir, da iyakar gudun da in direba ya wuce za ta tsegunta, da shingen da ake zanawa a taswira don a san mota ta shiga ko ta fita daga wani yanki.

Ana isar da sauyi ta hanya biyu. Ta farko ita ce saƙon tes: a rubuta kalmar sirri da gajeren umarni, a tura wa lambar sim ɗin. Na'urorin kamfanin Teltonika na ƙasar Lithuania, alal misali, suna gane umarnin getgps, su mayar da amsar inda suke, da setparam na sauya saiti guda. Ta biyu ita ce intanet, kuma ita ce ta masu motoci da yawa. Ma'aikaci zai shirya saiti ɗaya a shafin kamfani, ya zaɓi motocin da yake so, ya danna. Kowace na'ura takan leƙa shafin lokaci-lokaci, in ta tarar da sabon saiti ko sabuwar manhaja ta sauke. Wadda ke inda babu sabis ba ta rasa rabonta ba, yana nan yana jiranta.

Matsalar bakin iyaka

Garin iyaka yana da nasa rikicin. A Benin akwai MTN da Moov Africa da Celtiis. A Nijar akwai Airtel da Moov Africa da Zamani Telecom da Niger Telecoms. Kamba ta jihar Kebbi ma ba ta da nisa da Gaya, da nata layukan na Najeriya. Sabis bai san kogi ba, don haka motar da ke fake kusa da gada tana iya kama layin tsallake alhali ba ta motsa ba. In sim ɗin ba shi da izinin aiki a waje, sai na'urar ta yi gum, maigida ya ɗauka an cire ta, ya hau direba da faɗa ba gaira ba dalili. In kuwa yana da izini, kuɗin waya ya yi ta hauhawa.

Maganin yana cikin saiti. Ana rubuta wa na'urar sunayen layukan da aka yarda ta kama, a kuma umarce ta da ta rage yawan rahoto in ta hau layin waje. Tana da ma'ajiya a cikinta, don haka a wuraren da sabis ke ɗaukewa a hanyar Paraku zuwa Kandi zuwa Malanville takan tara bayanan, ta zubo su gaba ɗaya da zarar ta samu layi.

Ba masu motoci kaɗai ke wannan aiki ba. Kayan da ke ratsa Benin zuwa Nijar ba a biya musu harajin shiga kasuwar Benin, saboda haka akwai kwaɗayin a sauke su a hanya. Shi ya sa ake maƙala wa irin waɗannan motoci na'urar hukuma tun daga Kwatano, aikin da kamfanin Bénin Control ke yi wa kwastam, don a ga ko sun kauce daga hanyar da aka shata musu. Ke nan tirela ɗaya tana iya ɗauke da na'ura biyu, kowace da mai ba ta umarni, kuma mai mota ba shi da ta cewa a kan ta hukuma.

Ƙofar da ka shiga, ɓarawo ma zai iya

Sauƙin nan yana da haɗari iri biyu. Na farko kuskure ne. In ma'aikaci ya rubuta adireshi ko APN ba daidai ba ya tura wa motoci ɗari, dukkansu za su ɓace daga taswira lokaci guda, kuma hanyar intanet da za a bi a gyara ita ce ta toshe. Sai dai a koma ga saƙon tes, in an bar wannan ƙofa a buɗe, ko a bi motocin da ƙafa. Masu sanin aiki sukan gwada sabon saiti a mota ɗaya ko biyu da ke kusa, su bar shi ya kwana, sannan su watsa wa saura. Kuma ba sa sabunta manhajar na'urar motar da batirinta ya yi sanyi, don kada wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki.

Na biyu kutse ne. A 2019 kamfanin tsaron kwamfuta na Avast ya gano na'urorin bin sawu kusan 600,000 da suka fito daga masana'anta da kalmar sirri iri ɗaya, 123456. A Yulin 2022 kamfanin Bitsight ya bayyana rauni a na'urar MV720 ta kamfanin MiCODUS na Sin, wanda aka ƙiyasta yana da na'urori miliyan 1.5 a ƙasashe 169, har hukumar tsaron intanet ta Amurka ta fitar da gargaɗi. Mai kutse na iya ganin inda mota take, ya sauya hanyar rahoto, ko ya yanke mata mai tana cikin gudu. A yankin da matsalar tsaro ta addabi arewacin Benin da kudancin Nijar, sanin inda tankar mai za ta kwana ba ƙaramin sirri ba ne. Don haka dole a saita umarnin kashe inji ta yadda ba zai yi aiki ba sai mota ta tsaya ko ta rage gudu ƙwarai.

Yawancin masu motoci farashin akwatin kawai suke tambaya, alhali ba nan gizo ke saƙar ba. Kafin a biya kuɗi, ya kamata mai mota ya ji da sunan wa aka yi wa sim rajista, ya tabbatar an sauya kalmar sirrin masana'anta a gabansa, an kuma taƙaita lambobin wayar da na'urar za ta karɓi umarni daga gare su. Ya nemi a riƙa ajiye bayanin wanda ya sauya saiti da ranar da ya sauya. Ya sa a rubuta a takardar yarjejeniya cewa ranar da ya raba gari da kamfanin, za a miƙa masa kalmomin sirrinsa, don kada ya sayi na'ura da kuɗinsa ta zama ta wani. Direba ma yana da haƙƙi: bayanin inda mutum yake yana cikin abin da dokar harkokin dijital ta Benin ta 2018 ta kare, don haka a sanar da shi abin da na'urar ke tattarawa tun kafin ya karɓi makulli.