Tsakanin rubu'i da sumuni, wanne ya fi yawa?

Tun watan Nuwamba na 2025, da Ministan Ilimi Dakta Tunji Alausa ya sanar da soke tsarin koyarwa da harshen uwa wanda aka amince da shi a 2022, malamai da iyaye a Ringim, kamar sauran garuruwan Jigawa, ke ta kai-kawo da maganar. Wasu na cewa da ma Hausa ce ta dakushe yara a lissafi, wasu na cewa Turanci ne zai ƙarasa su. Kafin a ci gaba da ja-in-ja, yana da kyau a samu ɗan aji biyar a tambaye shi: tsakanin 1/4 da 1/8, wanne ya fi yawa? Yara da dama za su ce 1/8, ba ko ɗar, tunda takwas ta fi huɗu. A sauya harshen tambayar yadda ake so, amsar ba za ta sauya ba.

A Amurka, inda yawancin yara da Turanci suka buɗe baki, an yi wata jarrabawar ƙasa a 1978 aka tambayi 'yan shekara 13 ko 12/13 a tara da 7/8 ya fi kusa da 1, ko 2, ko 19, ko 21. Kashi 24 cikin ɗari kacal suka ce 2. Fiye da rabi sun zaɓi 19 ko 21, wato sun tara lambobin sama ko na ƙasa, ba su lura cewa kowane ɗayan kason saura ƙiris ya cika ɗaya ba. Cutar ke nan: yaro ya shekara uku yana koyon cewa babbar lamba ita ce mai yawa, sai a kawo masa lambobi biyu ɗaya kan ɗaya, ba wanda ya tsaya ya nuna masa cewa su biyun adadi guda suke nufi. A 2012 kuma Robert Siegler da abokan aikinsa sun bi sawun ɗalibai a Amurka da Birtaniya, suka gano cewa yadda yaro ya fahimci kaso a ƙarshen firamare yana nuna yadda zai yi a aljabara in ya je sakandare.

Abin takaicin a wurinmu shi ne, wannan ilimi yana nan a cikin gida. Wace mace ce ba ta san cewa in miji ya rasu bai bar ɗa ba matarsa rubu'i take samu, in kuwa ya bar ɗa sai ta koma sumuni, kuma raguwa rabonta ya yi? Manomin rani a fadamun kogin Haɗeja ya san cewa ɗaya bisa ashirin da yake fitarwa zakka bai kai ɗaya bisa goma na manomin damina ba, ya kuma san dalili. Malamin da ke rabon gado, irin waɗanda ake yayewa a kwalejin shari'a ta nan Ringim, in ya haɗu da sumunin mata da sudusin uwa, sai ya nemi asalin mas'ala, ya raba dukiyar gida 24, mata ta ɗauki 3, uwa ta ɗauki 4. Abin da littafin firamare ke kira daidaita lambar ƙasa ke nan, ba ragi ba ƙari. Amma yaro na shiga aji sai a rufe ƙofa tsakaninsa da duk wannan, a ce ya ninka lambobi a gicciye, wanda ya fito da yawa shi ne babba.

Mai kare wannan hanya zai ce ai tana ba da amsa daidai, ga aji cike maƙil, ga jarrabawa na tafe. Gaskiya ne, tana bayarwa. Sai dai wanda ya haddace ta kawai ba shi da abin da zai gane kuskurensa da shi ranar da ya manta wace lamba ake ninkawa da wace. Batun cunkoso kuma, abin da ake bukata bai fi karan dawa ba, wanda bayan girbi ko'ina zube yake. A samu kara biyu masu tsawo ɗaya, a yanka ɗaya gida uku, ɗaya gida huɗu, a cire gutsure guda daga kowanne, a jera su a kan benci. Yaron da ɗazu yake rantsuwa cewa 2/3 da 3/4 daidai suke, tunda kowanne saura ɗaya ya cika, zai ga da idonsa cewa gutsuren da aka cire wa mai gida huɗu ya fi gajarta, saboda haka abin da ya rage masa ya fi tsawo. Daga nan zai iya auna 7/8 da 8/9 ba tare da alli ba. Zai kuma gane me ya sa aka nace sai karan sun zo daidai, domin rabin ƙaramar gona na iya kasa rubu'in babba.

Ba ina cewa harshe ba ya da tasiri ba ne. Yaron da ba ya jin abin da malam ke faɗa ba zai iya cewa "Malam, ban gane ba" a inda ya kamata ba, kuma malamin da ya ga an yi tsuru-tsuru ya koma Hausa na minti biyar bai yi laifi ba. Amma a ganina an soke wancan tsari na koyarwa da harshen uwa kamar yadda aka kafa shi, daga Abuja, ba tare da an leƙa abin da ake yi da alli a gaban allo ba. Hukumar ilimi a matakin farko ta jiha, SUBEB, da ke Dutse na da ikon da ya fi kusa da aji. In za ta tara malamai bita, ta fara da sa su jera 3/5 da 5/8 da 2/3 daga ƙarami zuwa babba, kowa ya bayyana dalilinsa da baki. Masu tsara jarrabawar ƙarshen zango a Ringim da Taura da Garki da Ɓaɓura su ma su riƙa sa tambaya ko guda ce da ke neman yaro ya zana kason, ya faɗi me ya sa wannan ya fi wancan.