Wa Ke Riƙe da Akalar Jadawali a Tashoshin PBS na Amurka?

Shirinmu na musamman na yau zai leƙa Amurka, inda tashoshin talabijin na al'umma sama da 300 ke amsa sunan PBS, amma kowacce da jadawalinta.

In aka yi tallar wani shiri a PBS, akan rufe da cewa mai kallo ya duba jadawalin tashar yankinsa. Dalili kuwa shi ne PBS ba ta mallaki tasha ko ɗaya ba. An kafa ta a 1969, shekara biyu bayan Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar yaɗa shirye-shirye don amfanin jama'a. Tashoshin ne membobinta, su ke biyan ta kuɗin ƙa'ida duk shekara. Wasu na jami'o'i ne, kamar KUHT ta Jami'ar Houston wadda ta soma aiki tun 1953, wasu na gwamnatocin jihohi, wasu kuma ƙungiyoyin mutanen gari ne ke riƙe da lasisinsu.

Hatta manyan shirye-shiryen, galibi daga tashoshin suke fitowa. WGBH ta Boston ce ke shirya NOVA na kimiyya da Frontline na binciken ƙwaƙwaf, WNET ta New York ke kawo Nature, labaran NewsHour kuma daga WETA ta Washington. PBS ta tattara, ta rarraba. Abin da ya rage yana hannun daraktan shirye-shirye na kowace tasha.

Ba wai yana da wuƙa da nama ɗari bisa ɗari ba. Akwai wasu sa'o'in dare da PBS ke so tashoshi su saka shiri ɗaya a lokaci guda, domin talla ɗaya ta wadaci ƙasa, kamfanonin da suka ɗauki nauyi kuma su san abin da suka biya wa. Shi ya sa a shekarun da ake yayin Downton Abbey, daga 2011, ƙarfe 9 na daren Lahadi ya zama sananne ga miliyoyin masu kallo. To amma awa 24 ake cikewa kullum, kuma tun da aka koma tsarin dijital a 2009, tasha ɗaya kan riƙe layi uku ko huɗu: na yara, na girke-girke da tafiye-tafiye, na labaran duniya.

Nan darakta ke shiga kasuwa. Akwai American Public Television a Boston, akwai NETA a jihar South Carolina, dukkansu dillalan shirye-shirye ne. Ta hannun ta farkon ne ake rarraba shirin zanen marigayi Bob Ross, wanda aka ɗauka a wata ƙaramar tasha, WIPB, a garin Muncie na jihar Indiana. Ya rasu tun 1995, amma har yau ana maimaita shi. Tashar jihar Oklahoma kuwa ta shafe shekaru tana raba tsofaffin shirye-shiryen kiɗa na Lawrence Welk, tashoshi da dama suna saka su daren Asabar. Matasa na iya yatsina fuska, amma daraktan ya san dattawan da ke kallo su ne suka fi aiko da gudummawa.

Batun gudummawar nan shi ne ke jan akalar jadawali fiye da komai. Sau da yawa a shekara, musamman a Maris da Agusta da Disamba, tashoshi kan shiga makonnin neman taimako. A ture shirye-shiryen da aka saba, a kawo wasan tsofaffin mawaƙa ko laccar wani likita a kan lafiyar ƙwaƙwalwa, a riƙa katsewa ana roƙon mai kallo ya buga waya ya yi alƙawarin wani abu. Masu suka na cewa tashar da aka kafa don ilimantarwa ta koma talla da wani suna, kuma maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya. Ma'aikatan tasha su kuma su nuna takardar albashi da ta wutar lantarki.

Wani lokacin ma tasha kan ce atafau ba za ta saka shiri ba. A 1970, hukumar talabijin ta jihar Mississippi ta hana nuna shirin yara na Sesame Street saboda ya haɗa yara baƙar fata da farar fata suna wasa tare. Da labarin ya fita a jaridu aka yi ca, cikin makonni kaɗan ta janye. A 2019 tashar jihar Alabama ta ƙi saka wani kashi na zane mai motsi na Arthur wanda ya nuna auren jinsi, ta maimaita wani tsohon kashi a gurbinsa. PBS ba ta da ikon tilasta mata. KCET ta Los Angeles kuwa ficewa ta yi ɗungurungum a farkon 2011 kan rigimar kuɗin ƙa'ida, sai da ta haɗe da wata tashar yankin sannan ta dawo.

A watan Yulin 2025 Majalisar Dokokin Amurka ta janye dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware wa CPB, hukumar da a lokacin take raba tallafin gwamnatin tarayya ga tashoshin, kuma a farkon Agusta hukumar ta sanar cewa za ta rufe. Manyan tashoshin Boston da New York na da attajirai da gidauniyoyi a bayansu. Ƙananan tashoshin karkara, irin na Alaska, su ne suka fi dogara da wannan kuɗi. Kuma shirin da tasha ta shirya da kanta, na labaran gari ko zaman majalisar jiha, ya fi wanda aka karɓo daga dillali tsada nesa ba kusa ba, don haka shi ne ke kan gaba in aka zo rage kashe kuɗi.