Mayar Da Shaguna Gidajen Zama A Gine-ginen Tarihi Na Ingila

Tun daga lokacin da cinikin intanet ya fara janye masu saye daga manyan titunan Ingila, sannan annobar korona ta shekarar 2020 ta koya wa ma'aikata yin aiki daga gida, shaguna da ofisoshi da dama sun zama wayam a tsakiyar garuruwa. Masu jari, har da baƙi daga ƙasashen waje, sun ga dama a nan, watau su sayi irin waɗannan wurare da araha su mayar da su gidajen haya. To amma fa idan ginin yana cikin rajistar gine-ginen tarihi, lissafin ya kan sauya baki ɗaya.

Dokar da ke kula da wannan al'amari ita ce ta shekarar 1990, kuma hukumar Historic England ce ke riƙe da rajistar. An kasa gine-ginen aji uku: aji na ɗaya, aji na biyu mai tauraro, da aji na biyu, wanda ya ƙunshi fiye da kashi 90 cikin 100 nasu. Galibin gine-ginen da aka yi kafin 1850, muddin ba a ɓata kamanninsu ba, suna da damar shiga. Kuskuren da sababbin masu saye suka fi yi shi ne zaton fuskar ginin kaɗai aka kare. Kariyar ta haɗa ciki da waje, da matakala, da tagogi, da murhun ɗumama ɗaki, da adon rufi, ko wane aji ginin yake.

Daga watan Agusta na 2021 gwamnati ta sassauta wa masu son mayar da shago ko ofis gidan zama, ta yadda ba sai sun nemi cikakken izinin tsara gari ba. Wannan sassauci bai shafi gine-ginen tarihi ba. Mai irin wannan gini tilas ya nemi izini biyu daga ƙaramar hukuma: na canza amfanin ginin, da kuma na musamman na taɓa ginin tarihi. Ba a biyan kuɗin shigar da takardar izini na biyu, amma masu zanen gini da masana da za su rubuta rahoton darajar wurin ba sa aikin Allah. A ƙa'ida mako 8 ne ake ba hukuma ta yanke shawara, sai dai sau da yawa abin yana wuce haka.

Yin aiki ba tare da izinin ba laifi ne da kan kai mutum ɗaurin da ya kai shekara 2, ko tarar da ba ta da iyaka. Abin da ya fi wannan tayar da hankalin mai saye shi ne, hukuma tana iya umartar a mayar da gini yadda yake komai daɗewar ɓarnar, kuma wanda ginin ke hannunsa a lokacin shi zai ɗauki nauyin. Ke nan wanda ya sayi bene bai binciki takardun gyare-gyaren baya ba, ya sayi laifin wani da kuɗinsa.

Wurin da kuɗi ke zurarewa shi ne aikin kansa. Gidan zama yana bukatar ƙofar shiga dabam da ta shago, da hanyar tsira daga gobara, da bututun ruwa da bayan gida, kuma kowane rami da za a huda a bango sai an yarda. Ba kasafai ake barin a sa tagogin roba ba, kuma tsohon bulo sai da farar ƙasa ake ɗaura shi, domin siminti yana tsare danshi ya ruɓar da bango. Magina masu wannan sana'a kaɗan ne, saboda haka farashinsu a sama yake.

Ta fuskar haraji akwai daɗi akwai ɗaci. A watan Oktoba na 2012 aka soke rangwamen da ya ɗauke harajin VAT daga gyaran da aka amince da shi a gine-ginen tarihi. Amma aikin mayar da wurin kasuwanci gidan zama yana iya samun kashi 5 cikin 100 maimakon 20. Bugu da ƙari, ginin tarihi da ke zaune babu kowa ba ya biyan harajin wuraren kasuwanci a Ingila, abin da ke rage wa mai shi asara yayin jiran izini.

Misalin da aka fi bugawa shi ne Albert Dock na birnin Libaful. An buɗe waɗannan manyan rumbunan ajiyar kaya a 1846, aka sa su a aji na ɗaya a 1952, aka rufe tashar a 1972. Bayan gyaran shekarun 1980, benayen sama na wani sashe suka zama gidaje, ƙasa kuma shaguna da gidajen kallo. Sai dai wannan aiki ya tsaya ne da tallafin wata hukumar raya yankin da gwamnati ta kafa a 1981, gatan da mai sayen shago guda a ƙaramin gari ba zai sa a lissafinsa ba.