In Yarinya Ta Ƙi Auren Wuri

Bayan girbi, in gero ya shiga rumbu, lokacin buki ya zo ke nan a ƙauyukan Nijar. Ana jin kalangu daga wannan gari zuwa wancan. Amma in an koma lakwal, sai mushe ya ga gurbi a kan benci. Ya kira suna, shiru. Can sai wata ta ce: "Mushe, an kai ta ɗaki." Wadda aka kai ɗin, wataƙila shekarunta 13.

Wannan shi ake kira auren wuri. A shekarar 2012 an yi babban bincike a kan lafiyar jama'a a Nijar. An tarar cikin mata 100 masu shekara 20 zuwa 24, an yi wa 76 aure kafin su cika 18. Cikin 100 ɗin nan kuma, 28 ko shekara 15 ba su kai ba. A jahar Maraɗi lissafin ya kai 89, a Damagaram 87. A Yamai bai kai ko rabin haka ba. Abin ya fi yawa a karkara, inda talauci ya fi tsanani.

Uwaye ba don ƙin ɗiyarsu suke yin haka ba. Manomi mai ɗiya takwas, in damina ta yi gardama, rumbunsa yakan ƙare tun kafin bazara. In ya aurar da ɗaya, baki ɗaya ya ragu a kan akushi, ga kuma kuɗin sadaki. Wani uban tsoro yake ji, kada ɗiyarsa ta yi cikin shege ta jawo wa gida abin kunya. Wani kuwa ya yi wa ɗan'uwansa alkawari tun yarinyar tana goye. Sannan ga nisan kwaleji. Ƙauyuka da yawa ba su da ita. Yarinyar da ta ci jarrabawa sai ta koma wani gari, ta zauna gidan baƙi, tana yi musu daka da ɗiban ruwa. Uwa takan ce gara ta yi wa mijinta.

To, amma jikin yarinya bai san alkawari ba. Ƙugun 'yar shekara 13 ko 14 bai gama buɗewa ba. In ta zo haihuwa, naƙuda takan yi kwana biyu ko uku, ga likita nesa, sai a amalanke. Kan jariri yana danne mafitsara a jikin ƙashi, har naman wurin ya mutu ya huje. Sau da yawa jaririn ba ya rayuwa. Ita kuma fitsari ya riƙa zubo mata dare da rana. Wannan ciwo shi ne yoyon fitsari. Ana warkar da shi da aiki, shi ya sa a 2012 aka buɗe asibitin masu wannan ciwo a Danja, kusa da Maraɗi. Amma kafin yarinya ta kai can, sau da yawa miji ya riga ya sake ta.

'Yan mata suna ganin wannan a kan yayyensu. Shi ya sa waɗansu suke ƙi. Ƙin kuwa ba abu ne mai sauƙi ba, don ɗiyar kirki ba ta tsayawa gaban ubanta ta ce a'a. Kunya ta hana. Sai ta bi ta bayan gida. Ta faɗa wa kakarta, wadda take wasa da ita, tana kuma iya tsawata wa uban. Ko ta je wurin gwaggo, tun da gwaggo tana da baki a zancen auren ɗiyan ɗan'uwanta. A da, in duk wannan ya faskara, yarinya takan ƙi cin abinci, ko ta gudu da dare zuwa dangin uwa. Gudu yana da haɗari, kuma galibi a kan maido ta.

'Yar lakwal tana da wata ƙofar. Tana iya gaya wa mushe ko madan. Darekta ya ɗauki hularsa ya tafi gaida uban. In bai ji ba, a kai magana wurin maigari, daga nan fadar sarki. Ƙauyuka da dama suna da kwamitin kare yara, inda liman da ungozoma da wakilan mata suke zama. Akwai 'yan matan da suka kai kuka har wurin jandarmomi ko gaban alƙali. Malamai ma sukan tuna wa uwaye labarin Hansa'u, wata bazawara a Madina. Ubanta ya aurar da ita ba da sonta ba, ta kai ƙara wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuwa warware auren.

Doka ita kaɗai ba ta isa ba. Dokar da Nijar ta gada daga Faransa ta sa wa mace shekara 15, namiji 18. Amma yawancin aure a zaure ake ɗaura shi, da goro da fatiha, ba a ofishin magajin gari ba. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare 'yar lakwal, don ta zauna a aji har shekara 16. A 2013 kuma aka soma shirin Illimin, inda 'yan mata masu shekara 10 zuwa 19 suke taruwa wurin wata babbar yaya. Suna koyon karatu, da lissafin kuɗi, da sanin jikinsu. Suna kuma koyon yadda za su yi wa manya magana da ladabi, ba tare da sun janye ba.

Ba kowace ke cin nasara ba. Wata ana ɗaure auren tana kuka. Wata dangi su yi shekara ba su amsa gaisuwarta. Abin da aka fi samu shi ne a ɗaga buki: uba ya ce to, a bari ta gama aji shida. In ta ci jarrabawa, sai a sake zama, a sake roƙo, a nemi shekara huɗu na kwaleji. Nan ne zancen masauki yake dawowa. A 2021 an buɗe gidan kwanan 'yan mata 'yan kwaleji a Kelle, cikin jahar Damagaram. Yarinyar ƙauye tana samun gado da abinci da fitilar karatu a can, uwayenta kuma sun san inda take kwana.